Kaka da Rani a Ƙasar Tofa: Lokacin Sararawar Manomi

Duk mai sauraron gidajen rediyon da ke watsa shirye-shiryensu da Hausa daga ƙasashen waje ya saba jin ana cewa Turawa sun tafi "hutun bazara", ko kuwa za a buɗe cinikin 'yan ƙwallo "a bazara". Abin da masu fassarar ke nufi shi ne watannin Yuni, Yuli da Agusta, sa'ad da ƙasar Ingila da maƙwabtanta ke samun ɗumi bayan dogon sanyi. To, amma manomin Tofa in ya ji an haɗa hutu da bazara wuri guda, lalle abin ya ɗaure masa kai, domin kuwa bazarar da ya sani ba abin da ya haɗa ta da hutu. Ita ce lokacin da rana ke ƙuna, ruwan rijiya ya yi nisa, hatsin rumbu ya yi ƙasa, kowa ya zuba wa gabas ido yana jiran hadari. Watannin nan uku kuwa da Bature ke shaƙatawa a cikinsu, su ne tsakiyar damina a nan, lokacin da manomi ba ya rabuwa da fartanya daga hantsi har la'asar. Wannan maƙala za ta duba ainihin lokacin da mutumin karkarar Kano ke sararawa, da abubuwan da yake yi a cikinsa, tare da ɗaukar ƙasar Tofa a matsayin misali.

Tofa tana yamma da birnin Kano, tana maƙwabtaka da Dawakin Tofa da Rimin Gado da Ungogo. Daga cikin garuruwanta akwai Lambu da Doka da Langel da Yanoko da Wangara, sai kuma Janguza wadda ke kan hanyar Gwarzo, gaba kaɗan da sabon mazaunin Jami'ar Bayero. Faɗin ƙaramar hukumar murabba'in kilomita 202 ne, ƙidayar 2006 kuwa ta ba ta mutum 97,734. Watau ke nan a lokacin ƙidayar kusan mutum 480 ne ke zaune a kan kowane murabba'in kilomita, kuma galibinsu da gona suka dogara. Irin wannan cunkoso tsohon abu ne a kewayen Kano. Binciken da Michael Mortimore ya yi a ƙauyukan da ke zagaye da birnin cikin shekarun 1960 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nome ta kowace shekara, ba a barin ta ta huta. Abin da ke riƙe da ita shi ne taki: na tumaki da awaki da ake turkewa a gida, da na shanun Fulani, da kuma jujin birni wanda a da jakuna ke ɗaukowa cikin mangala bayan sun kai itace. Wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan a ransa, domin ƙasar da ba ta da daji, kuma gonar kowa ƙarama ce, hutunta ma yana da irin tasa kama.

Yadda shekara ta rabu

Bahaushe ya kasa shekara gida huɗu: damina, kaka, ɗari da bazara, ya kuma ɗauki kalmar rani ya lulluɓe duk watannin da ba a ruwa. Malaman hisabi sun ba kowane kashi taurari bakwai, jimla 28, kowane tauraro yana da kwana 13, ban da Jabaha mai kwana 14, wanda da shi lissafin ke cika 365. Har yau akwai dattawan da ba su tambayar watan Bature in za su yi maganar shuka, sai dai su tambaya ko wane tauraro ake ciki. Ban da wannan rabo akwai ƙananan sunaye da manomi ke amfani da su. Marka ita ce ruwan Agusta da kan wuni yana zuba. Agazari shi ne zafin da kan biyo bayan ɗaukewar ruwa, wanda ke nunar da dawa. Hunturu kuwa iskar sanyi ce mai hazo da ke busowa daga arewa maso gabas tun daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu.

Abin da ya sa Bature ke ɗokin watanninsa na ɗumi shi ne haske. A Landan rana kan wuce awa 16 a sama a ƙarshen Yuni, a Disamba kuwa ba ta cika awa 8 ba. A Kano bambancin wuni mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce awa ɗaya da rabi ba, saboda haka rana ba baƙuwa ba ce balle a yi mata biki. Abin da ke zuwa ya tafi a nan shi ne ruwa, sai kuma abin da ruwan ya haifar. Don haka ma'aunin walwalar mutumin Tofa yana cikin rumbunsa.

Kaka

Alamar farko ita ce tumu. Tun cikin Agusta zuwa farkon Satumba, in gero ya fara ƙosawa, yara kan karyo zangarniya su gasa a bakin gona, su murje su watsa a baki. Wanda bai taɓa zaman ƙauye cikin marka ba, da wuya ya gane darajar wannan abu. A lokacin tsohon hatsi ya ƙare a gidaje da yawa, farashi ya hau a kasuwa, ga aiki mai cin jiki, ga zazzaɓin sauro. Tumu shi ne shaidar cewa an ƙetare. Daga nan sai girbin gero, sai cirar gyaɗa, sai roron wake, dawa kuwa ita ce ta ƙarshe, wajen Nuwamba. A ɗaure damuna, a fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma ga wanda amfaninsa ya kai nisabi, a jera saura cikin rumbu. Kara da harawa ma ba a barinsu a gona, domin a ƙasa irin ta Tofa karan dawa shi ne danga, shi ne makamashi, harawar gyaɗa da ta wake kuwa kuɗi ce.

Da an kawar da amfani sai gari ya canja. Makaɗa da maroƙa, waɗanda su ma damina ta tsare a gonakinsu, sukan saɓa kayan kiɗa su shiga ƙauyuka, domin sun san yanzu ne hannun manomi ke buɗewa. A nan ne kalankuwa take, watau bikin samari da 'yammata na murnar kaka, wanda a da sarkin samari ke shiryawa da izinin dagaci ko mai unguwa. A aika wa ƙauyukan kewaye goron gayyata, a share fili, a kwana biyu ko uku ana kiɗa da rawa da ciye-ciye. Makaɗan noma kan wasa jaruman da suka yi fice a gayya cikin damina, su kuma su yi kyauta gwargwadon abin da Allah ya ba su, wani da dami, wani da kuɗi, wani har da rigar jikinsa.

Kokawa wasan manoma ce, ana yin ta a kan yashi ko gonar da aka share, ƙauye da ƙauye. Dambe kuwa asalinsa na mahauta ne, kalangu ne kiɗansa, kuma akwai dalilin da ya sa ya fi armashi da kaka: a lokacin ne ake yawan yanka saboda bukukuwa, rundawa suna yawo gari gari suna fawa da rana, da yamma su ɗaure hannu. Ɗan dambe kan naɗe hannu guda da zare, ɗayan ya bar shi don kariya, a yi turmi uku, wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa an ce ya yi kisa. Sunan Shago da makaɗinsa Ɗan'anace ya kai ko'ina a ƙasar Hausa ta hanyar rediyo da kaset, har ya zama yaron ƙauye in ya dunƙule hannu da shi yake kwatanta kansa. Yau dambe ya koma gidajen da ake biyan kuɗin shiga, ana yin sa rani da damina, 'yan wasa sun kasu ɓangaren Kudu da Arewa da Guramaɗa, ana kallonsu a waya. Ya sami kuɗi da suna, amma ya rabu da kakar da ta haife shi.

Da dare, musamman in akwai farin wata, dandali ne matattara. 'Yammata su yi gaɗa, yara maza su yi langa, masu talla su jera fitilu da farantan gyaɗa da rake da dafaffen rogo. In sanyi ya matsa sai a koma ɗakin tsohuwa a kewaye wuta a sha tatsuniya. Ɗalibin adabin baka ya kamata ya lura cewa yawancin abin da ake karantawa a aji da sunan wasannin yara da waƙoƙin dandali, amfanin wannan lokaci ne. Suna da kakarsu kamar yadda gero ke da tasa, kuma wanda ya je ƙauye neman su cikin Yuli zai komo da littafinsa fari fat.

Biki da kasuwa

Babbar fitar mutumin ƙauye ita ce biki. Aure a karkara yakan taru ne tsakanin ƙarshen kaka da tsakiyar rani, saboda dalilai bayyanannu: akwai hatsin da za a ciyar da baƙi, akwai kuɗin gyaɗa ko na wake ko na ragon da aka turke, hanyoyi sun bushe, kuma ba wanda za a raba da gonarsa. A mako guda ƙauye ɗaya na iya aurar da 'yammata da dama. Daga kamu zuwa ƙunshi, zuwa ɗaurin aure da kai amarya da buɗar kai, kwanaki ne na kai da kawowa. Ga matan aure, waɗanda da yawansu ba su fita sai da dalili, biki shi ne damar ganin dangi da ƙawaye. Sukan tafi ayari guda, da goyo da ƙullin kaya, a da a ƙasa ko a kan jaki, yau a A Daidaita Sahu ko bayan babur. Gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta ita ma sunanta biki, kuma bashi ce da ba a rubutawa amma ba a mantawa, domin ranar da nata ya tashi za a mayar mata har da ƙari.

Maza kuwa kasuwa ce wurin shan iskarsu. Kasuwannin ƙauye mako mako suke ci, kowace da ranarta, har mutum na iya cin kasuwa uku ko huɗu kafin Juma'a ta zagayo. Ba lalle ne ya je da abin sayarwa ba. Ya ga farashin dabbobi, ya yi aski, ya ci tsire ko balangu, ya ji wanda ya rasu da wanda ya haihu, ya tsaya wurin mai maganin gargajiya ko gardi mai wasa da kura in an yi sa'a. Hatsin da ya fi ƙarfin kasuwar ƙauye yakan wuce Dawanau, a ƙasar Dawakin Tofa, wadda tun daga tsakiyar shekarun 1980 ta zama babbar kasuwar hatsi da fatake ke zuwa har daga Nijar da Chadi da Kamaru.

Akwai kuma farauta, wadda samari kan fita da karnuka da sanduna da gora bayan an kawar da amfanin gona, ko da yake a ƙasar da ba daji abin da ake samu bai wuce zomo da kurege da gafiya ba, masu neman babban nama sai sun yi tafiya mai nisa. Akwai su a tafkuna in ruwa ya ja. Sauran lokacin kuwa na gyaran gida ne, yaɓe da jinka da danga da bugun tubali, da sana'ar hannu a gindin bishiya ana hira.

Sallah da tashe da Mauludi ba su cikin wannan lissafi, domin watan Musulunci suke bi, suna matsowa da kwana 11 kowace shekara. Sallar da ta faɗo da kaka daban take da wadda ta faɗo cikin marka, kuma tela da mai sayar da atamfa sun fi kowa sanin haka.

Wa ke tafiya, ina za shi

A Ingila, in watannin ɗumi suka kama, mutanen birni ne ke kwarara zuwa karkara da bakin teku. Makarantu na rufewa daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, akwai kuma ranar hutu ta ƙasa a Litinin ta ƙarshen Agusta. Ƙauyuka kan shirya ƙaramin biki a filin coci ko filin gari, a sha shayi, a yi gasar wanda kabewarsa ko albasarsa ta fi girma, a buga kurket. Akwai manyan nune-nunen amfanin gona da dabbobi, kamar wanda ake yi a Harrogate ta lardin Yorkshire cikin Yuli. Amma a lura, manomin Ingila shi kansa ba hutu yake ba a wannan lokaci, yana fama da yankan ciyawa da girbin alkama da sha'ir, bikin godiyar girbinsa kuwa sai wajen ƙarshen Satumba. Masu hutun ma'aikatan albashi ne, a ƙasar da manoma ba su kai kashi 2 cikin 100 na masu aiki ba.

A Tofa tafiyar ta juya. Da an gama kaka, ƙauye ne ke tafiya birni, kuma sunan tafiyar cin rani. Kalmar ta faɗi ma'anarta da kanta: mutum ya je ya ci ranin a wani wuri, don bakinsa ya fita daga rumbun gida. Mai gida mai tsari yakan liƙe rumbu bayan kaka, ba za a buɗe ba sai damina ta faɗi, sa'ad da aikin gandu ke bukatar tuwo mai nauyi. Tsakanin nan kowane namiji mai ƙarfi sai ya nemi abin da zai riƙe kansa, ya kuma samo na taki da na sutura. A da akwai haraji ma, wanda ake karɓa bayan kaka, har zuwa 1979 da Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi tare da jangali a Jihar Kano. Wasu kan yi dako, wasu ga-ruwa, wasu leburancin gini, wasu ƙoli, wasu su nausa Kudu. Malaman allo ma a wannan lokaci suke ɗibar almajirai su yi gabas. Sai dai kusancin Tofa da birni ya sa da yawa ba su yin nisa: mutum ya hau keke ko babur da asuba, ya yi wuninsa a Kurmi ko Sabon Gari ko wurin gini, ya kwana a ɗakinsa. Hana acaɓa a cikin birnin Kano a 2013 ya taɓa irin waɗannan samari ƙwarai.

Abin da ya fi kama da cin rani a tarihin Ingila shi ne tafiyar da talakawan gabashin Landan kan yi da iyalansu zuwa gonakin Kent cikin Satumba, suna tsinkar wani fure da ake sa wa giya, suna kwana a bukkoki, suna kiran abin hutu alhali aiki ne. Injuna sun kashe wannan al'ada wajen shekarun 1960. Ko a can ma, ashe, talaka bai san fitar da ba ta da nema a cikinta ba.

Abubuwa uku sun rage wa kakar Tofa armashinta na da. Na farko noman rani. Tun daga madatsun ruwan da aka fara zamanin Gwamna Audu Bako, irin su Tiga a 1974, da Watari ta ƙasar Bagwai da aka kammala a 1980, sai kuma yaɗuwar injin ban-ruwa a fadamu, wanda ya sami wurin tumatir da albasa da attaruhu ba shi da sauran ranar zama. Wannan alheri ne ga aljihu, ba mai musu. Na biyu, wa'azi da kuma dokokin da suka biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a Kano a 2000 sun sa kiɗan da ke cakuɗa maza da mata ya ja baya, dandali ya koma gidan kallon ƙwallo da majalisar masu waya. Na uku shi ne birnin kansa. Ɗorayi, inda Polly Hill ta yi bincikenta kan manoman Kano a farkon shekarun 1970, yau unguwa ce cikin gari, kuma duk mai bin hanyar Gwarzo yana ganin yadda fulotai ke cin gonaki suna dosar Langel da Janguza. Wanda ya sayar da gonarsa ya sami kuɗi a dunƙule, amma daga shekarar ba shi da sauran kaka, sai dai ya auni hatsi a kwano kamar ɗan birni.

Bazarar gaskiya

Daga tsakiyar Maris sanyi ya tafi, iska ta tsaya, zafi ya kan kai digiri 40 cikin Afrilu. Bukukuwa sun yi sauƙi domin aljihu ya huce. Wannan ne lokacin ƙyanda da sanƙarau, kuma mutanen Kano ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba. Ana kwana a tsakar gida, mata da yara suna sammakon rijiya. Ɗan abin daɗin da ke cikinta na bishiya ne: mangwaro ya nuna, ɗorawa ta yi gari, mata suna tara kalwa don daddawa, gawo kuwa, wanda ke zubar da ganye da damina, yana nan kore shar yana ba dabbobi inuwa da 'ya'ya.

Aikin gona ya riga ya fara tun ruwa bai zo ba. Ana sassabe, ana ƙona sauran tushiya, ana jigilar taki a amalanke ana zubawa tsibi tsibi. Mai ƙarfin hali ya yi binne, watau ya shuka gero cikin busasshiyar ƙasa yana fatan ruwan farko ya ishe shi, in kuwa yayyafi kawai aka yi ya tsaya, iri ya ruɓe, sai ya sake. In Yuni ya shiga ba a ga hadari ba, liman ya fitar da jama'a bayan gari roƙon ruwa. 'Yan cin rani kuma duk inda suke kunnensu na gida, suna tambayar direbobi a tasha ko bugo waya su ji ko an yi ruwan shuka. Ranar da aka ce an yi, kafin magariba motocin hanyar Gwarzo da ta Dawanau sun cika da masu buhun taki da sabuwar fartanya, washegari da asuba kuwa mai gida ya buɗe rumbu, a fitar da iri, manya na sara da sungumi, yara na biye suna jefawa suna takewa.